Kwamfutar tebur: na saya na ƙara mata kaya, na kuma haɗa wata da hannuna

Kwamfutocin tebur biyu na yi aiki da su a 'yan shekarun nan. Ta farkon haɗaɗɗiya na saye ta, ta hannu, irin waɗanda manyan kamfanoni ke ƙera wa ofisoshi, na riƙa ƙara mata kaya a hankali. Ta biyun kuwa kayanta na saya ɗaya bayan ɗaya na haɗa da kaina. Aikina rubutu ne da gyaran hotuna, sai tace bidiyo da ya shigo daga baya, kuma shi ne ya sa na gane inda kowacce ta tsaya.

Gaskiya haɗaɗɗiyar nan ta yi mini rana. Na jona ta, na danna, ta tashi. Windows na ciki da lasisinsa, ba ta da ƙara, ba ta zafi, ba ta cin wuri a kan tebur. Abin da na fara canza mata shi ne ma'ajiya. Ta zo da tsohon faifai mai juyawa, irin wanda ke zagaye 7,200 a minti, na cire shi na sa SSD. Wanda bai taɓa ganin wannan canjin ba zai ɗauka zuzutawa ake yi. SSD mai bin hanyar SATA yana kaiwa kusan megabayit 550 a daƙiƙa, amma ba wannan lissafin ne ya fi burge ni ba. Faifai mai juyawa sai allurarsa ta yi tafiya ta nemo inda ƙaramin fayil yake, SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka ɗaruruwan ƙananan fayilolin da Windows ke nema lokacin tashi nan take suke zuwa. Kwamfutar da nake kunnawa in tafi in dawo ta koma tana tashi kafin in gyara zama.

Sai RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai. Sanda ɗaya ce a ciki mai gigabayit 8, na ƙara wata irinta. Ribar nan biyu ce: wurin aiki ya ninka, sannan sanduna biyu suna ba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, damar ɗibar bayanai ta hanyoyi biyu a lokaci guda. A kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, wato katin da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, wannan yana da tasiri sosai, domin sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM ɗin yake ara. Da a ce aikina ya tsaya a rubutu da intanet da lissafin ofis, da har yau ita nake amfani da ita, kuma ba zan ce na rasa komai ba.

Tace bidiyo ne ya kai ni bango. Ina bukatar katin hoto, na buɗe gefen akwatin don in ga abin da zai shiga. Akwatin siriri ne, sai kati mai gajeren ƙarfe kawai zai zauna. Na duba takardar da ke manne a jikin na'urar raba wuta, wat ɗari biyu da 'yan kai ne ƙarfinta, kuma babu wayar da za a jona wa kati ko ɗaya. Ramin PCIe da ake soka katin ba ya ba da fiye da wat 75. Duk katin da ya fi haka ci sai an ƙara masa waya mai baki 6, wadda ke kawo wani wat 75, ko mai baki 8 da ke kawo 150. Na ce to bari in sauya na'urar wutar gaba ɗaya. A nan ne na tarar madabod ɗin, wato babban allon da komai ke hawa kansa, ba ya karɓar babbar waya mai baki 24 da kowace na'urar wuta ta kasuwa ke zuwa da ita. Wani ƙaramin baki ne na musamman da kamfanin ya tsara wa kansa. Akwai wayoyin da ake sayarwa don haɗa ɗaya da ɗaya, amma zuciyata ba ta kwanta da yin dabara a kan wutar da ke shiga furosesa ba. In kuma madabod ɗin zan canza, ramukan sukuru ba su dace da na akwatin ba, wayar maɓallin kunnawa ma tata daban ce. Canza abu ɗaya ya zama canza uku. Kamar gidan haya ne: kana iya yin fenti ka sa labule mai kyau, amma ba ka isa ka fasa bango ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne akwai tsari ɗaya da yawancin kayan kwamfutar tebur ke bi, ana kiransa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995. Shi ya ƙayyade girman madabod, da wuraren ramukan sukuru, da irin wutar da za ta shiga. Saboda shi ne za ka sayi akwati daga wani kamfani, madabod daga wani, na'urar wuta daga wani, su zauna lafiya tare. Kwamfutocin ofis da yawa ba sa bin sa sau da ƙafa, kuma suna da hujjarsu: an yi su ne don su yi shekaru suna aiki ɗaya ba tare da wani ya buɗe su ba.

Da na zo haɗa tawa, furosesa Ryzen 5 5600 na ɗauka, mai ƙwaya 6, na ɗora shi a madabod mai B550, da RAM na DDR4 gigabayit 16 a sanduna biyu, da ma'ajiyar NVMe wadda ke kwanciya a jikin madabod ba tare da waya ba, da na'urar wuta mai wat 650 da ke ɗauke da tambarin 80 Plus. Tambarin nan yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja daga bango tana kaiwa ga kayan, sauran ne ke zama zafi. Soket ɗin furosesan, wato mazauninsa a kan madabod, mai suna AM4, shi ya ja hankalina. AMD, mai ƙera Ryzen, ta fito da shi a 2016, ya ɗauki Ryzen na farko a 2017, ya kuma ɗauki jerin 5000 da suka fito a 2020. Mutumin da ya haɗa kwamfuta shekaru da dama baya, sau da yawa sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, kawai yake yi ya ɗora sabon furosesa. Na san sabon soket AM5 ya zo a 2022 kuma can ne sababbin abubuwa suke, amma shi RAM na DDR5 kaɗai yake karɓa, ni kuwa abin da aikina ke nema bai kai can ba.

Haɗawar ita kanta ba ta kai tsoron da ake ji ba. Sukudireba ɗaya ya ishe ni. Wurin da hannu ke rawa shi ne ɗora furosesa: ƙasansa cike yake da siraran allurai fiye da dubu, akwai ɗan alamar kusurwa uku mai ruwan zinariya a gefe guda da za ka daidaita da irinta a soket, ka sake shi ya faɗa da nauyinsa ba tare da dannawa ba, sannan ka sauke ɗan ƙarfen da ke kulle shi. RAM kuwa akasin haka ne, sai ka danna da ƙarfi har ka ji ƙas. Abin da ya fi cin rai shi ne 'yan ƙananan wayoyin gaban akwati, na maɓalli da na fitila, waɗanda rubutunsu sai ka kawo haske kusa kafin ka karanta.

Wahalar gaske tana wurin zaɓe, kafin a sayi komai. DDR4 da DDR5 kamarsu ɗaya a ido, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ryzen 5 5600 ba shi da sashen hoto a ciki, in babu kati allo ba zai nuna komai ba, sai irin 5600G ne ke da shi. A wajen Intel ma duk mai harafin F a ƙarshe haka yake. Dole ka auna tsawon katin hoto da faɗin akwati. Bayan an gama kuma, RAM ɗin da aka rubuta gudun 3200 a jikinsa yakan tashi a ƙasa da haka, sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sa shi gudun da aka rubuta masa. Mutane da yawa suna shekaru da kwamfutarsu ba su san da wannan ba, abin yana ba ni takaici, domin gudu ne da suka biya kuɗinsa suka bari a kwance.

Ba zan ɓoye nauyin da ke tattare da haɗawa ba. In ka danna maɓalli ba ta tashi ba, kai ne mai gyara, babu wanda za ka mayar wa da ita a dunƙule. Kowane kaya da garantinsa daban, sai ka gano wanda ya lalace kafin ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Lasisin Windows ma daban za ka nema. Maganar cewa haɗawa ta fi araha kuwa ba kullum take gaskiya ba. A 2021, lokacin da ƙarancin kayan lantarki da masu haƙar kuɗin kirifto suka sa katin hoto ya yi tashin gwauron zabi, mutane da dama haɗaɗɗiya suka riƙa saya don kawai su samu katin da ke ciki. Ni abin da na samu a haɗawa ba ragin kuɗi ba ne. Yanzu in ma'ajiya ta cika na san ramin da ya rage, in katin hoto ya tsufa shi kaɗai zan cire, in fanka ta fara ƙara na san wacce ce.

Wanda aikinsa ofis ne ko karatu, ina ba shi shawarar ya sayi haɗaɗɗiya mai kyau ya sa mata SSD da RAM, ya huta. Sai dai ya duba shekarun furosesan, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Tsofaffin kwamfutocin ofis da yawa da ake sayarwa na hannu suna ƙasa da wannan layin. Wanda kuma ya san wata rana zai nemi katin hoto, amma ba ya son haɗawa, akwai haɗaɗɗun da aka yi da kayan ATX na kowa da kowa. Kafin ya biya ya sa a buɗe masa gefen akwatin, ya karanta wat nawa ke jikin na'urar wuta, ya ƙirga bakin babbar wayar da ke shiga madabod ya tabbatar 24 ne, ya kuma ga ko an bar masa ramin RAM da na M.2, inda ma'ajiyar NVMe ke kwanciya, da babu komai a ciki.