Daga Wiskonsin: takardun wani maharbi da akwatin Kaka

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kowa lafiya, ya Hajiya da jiki, ya yara. Nan dai sai godiya, sanyi ne kawai ya fara shigowa, irin wanda in ka fita ba safar hannu sai ka ji yatsun kamar ba naka ba.

Kullum kana tambayata wai mene ne mai araha a kasar nan tunda duk abin da na fada maka kudinsa sai ka yi salati. Toh yau na samo maka amsa. Aski tsada, dinki kam kar ma a yi magana, daukar kafar wando kawai sai ka biya abin da a gida zai dinka maka riga da wando, makanike kuwa da awa yake caji ko bai gano matsalar ba. Duk abin da hannun mutum zai taba a nan wuta ne. Amma karatu, wato laburare da gidajen ajiye tsofaffin takardu, wannan kusan kyauta ne, kuma yadda na gano haka ma labari ne.

'Yarka ce aka ba su aikin gida a makaranta kan wani mutum Daniel Boone, su Bun suke cewa. Ni ban taba jin sunansa ba sai ranar. Maharbi ne, an haife shi 1734 a Fensilbeniya, shi ne a 1775 ya jagoranci masu gatari suka sare hanya ta wata kafar dutse da ake kira Cumberland Gap har cikin Kentaki, suka kafa sansani aka sa masa suna Boonesborough, daga nan Turawa suka rika kwarara yamma. Ya rasu 1820 a Mizuri. Ina ganin shekarun sai na ce ashe sa'an Shehu ne kusan, tunda Shehu Usmanu 1754 zuwa 1817 ne, lokacin da ake hijira zuwa Gudu shi wannan tsohon yana can bakin kogin Mizuri yana dana tarko.

Malamar ta ce musu kar su kwaso daga intanet kawai, su nemo takarda ta ainihi. Na ce yau ga aiki, ina ni ina takardar mutumin da ya mutu shekara 200. Muka je laburaren unguwa, matar da ke kan tebur ta yi dariya ta ce ai kun zo gidan, mafi yawan takardun mutumin nan suna garin nan Madison, a Wisconsin Historical Society, gini ne babba a bakin jami'a. Abin mamaki Bun bai zauna a Wiskonsin ba. Wani bawan Allah ne Lyman Draper ya kwaso su, ya shafe shekaru yana yawo kauye kauye yana neman tsofaffin da suka ga zamanin, ya zauna ya yi ta tambayarsu yana rubutawa, yana aika wasiku, yana karbar takardun gado a hannun 'ya'ya da jikoki, wasu ma da sunan aro ya karba har yau ba su koma ba, ka ga wannan halin ba mu kadai ba ne. A 1851 ya je har Mizuri ya sauka gidan Nathan, autan Bun, ya yi makonni yana jin labarin uban daga bakinsa da na matarsa. Abin da ya tara ya kusa kundi 500. Kuma don ya rubuta tarihin mutanen wancan zamanin ne, har da Bun, amma har ya mutu a 1891 bai karasa littafin Bun ba, tarawa ta hana shi rubutawa. Na tausaya masa wlh, don na san masu digiri irin haka.

Ranar da ba ni da aiki muka tafi. Ni da na saba, na tanadi dan abin da zan ba mai gadi, na kuma shirya jin a kawo takarda daga sama. Ba wanda ya tambaye ni ko daga ina nake. Rajista kawai, na nuna lasin tuki, aka ce mu zuba jaka da rigar sanyi a loka, biro ba ya shiga sai fensir, ruwa ma a waje ake barinsa. Takardun Draper na ainihi ba kasafai ake fito da su ba saboda tsufa, an dauke su a maikirofim, wani siririn fim ne a nade kamar na sinima da ake sakawa a na'ura shafi ya fito a allo kato, in ka ga wanda kake so ka adana shi a filashi. Ma'aikacin ya tsaya ya koya wa yarinyar yadda ake juya shi har ta iya, bai nuna ya gaji ba, kuma bai tsaya yana sosa keya a karshe ba.

Rubutun kam sai a hankali, irin na alkalami da tawada ne mai kwanciya, ni da kyar nake tsintar kalma. Shi Bun din ma bai yi nisa a boko ba, yadda kalma ta fito a bakinsa haka yake rubuta ta. Amma a cikin takardun ne ka ke ganin mutumin na gaske ba na zanen littafin yara ba. 'Yan kabilar Shawnee sun kama shi a 1778 lokacin da ya je da mutanensa dafa gishiri a wani wuri Blue Licks, shugabansu Blackfish ya mai da shi dansa, ya yi watanni a cikinsu kafin ya tsere. Dansa Israel a gabansa aka kashe shi a yakin 1782. Ya yi aikin safiyo, ya mallaki filaye masu yawa a Kentaki, rigimar fili da bashi da shari'a suka cinye su, irin dai fili daya takarda uku da muka sani, har a 1799 ya tattara ya koma Mizuri wadda lokacin tana hannun Sifaniya. Ya kuma mallaki bayi. Kasar da ake cewa ya bude din ma ba kango ba ce, da masu ita, kuma bakinsu kadan ne a kundayen nan, kusan duk labarin daga bakin wadanda suka ci kasar ne. Yarinyar ta rubuta haka a aikinta, na ce mata ki bar shi kar ki goge.

Kar ka dauka kyautar daga sama take fadowa, harajin da suke yanka a albashi da na gida shi ke rike da wuraren nan, in ka ga takardar albashina sai ka rike baki. Bambancin dai ka na ganin inda wani bangaren ya tafi. Dakin ajiyar ba ya zafi ba ya danshi, wuta ba ta daukewa, kowace takarda na cikin fayil, fayil na cikin kwali na musamman da ba ya sa takarda ta yi ja ta rube, kowane kwali da lamba, lambar na cikin kwamfuta. Na tuna lokacin da nake bincike na karshen jami'a na je wani ofis a gida, kwana uku ina zarya mai makulli bai zo ba, da ya zo kuma fayil din da nake nema gara ta riga ni karantawa. Ban ga laifin mutumin sosai ba, ko fanka babu a dakin.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne mu fa rubutu muke da shi ba kadan ba. A zamanin da Bun ke fama da harafi, Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u littattafai suke zubawa da wakoki, na Larabci da Fulatanci da Hausa. Kai har a nan makwabta, jami'ar Northwestern kusa da Shikago, akwai dakin karatun Malam Umar Falke, dan kasuwa kuma malami na Kano, takardu dubbai, suna can cikin irin kwalayen nan. Na ji dadi an adana, na kuma ji wani iri, ban san wanne ya fi ba.

Shi ya sa nake rokonka, akwatin karfen nan na Kaka da ke dakin Hajiya, wanda gafakarsa ke ciki da wasikun ajami na fataucinsa na Gwanja da takardar gona, don Allah a bude shi kafin damina. Kar a sa salatif a inda ya yage, kar a kai a yi masa leda mai zafi, nan sun ce wannan kashe takarda yake. A daga akwatin daga kasa, a dauki hoton kowane shafi da waya a inuwa, gaba da baya, ka turo min ta WhatsApp a matsayin fayil don kar hoton ya dushe. Sannan Baba Karami tunda shi kadai ya rage da ya san sunayen mutanen da ke cikin wasikun, a sa yaro ya zauna da shi ya kunna rikoda, ko awa daya daya ne bayan la'asar. Kwalayen da fayil din zan sayo na bayar a kawo in an samu mai zuwa, kudin data kuma zan turo karshen wata.

In za a aiko sako a sa daddawa da kuka da yaji, kilishi kam a bari, nama ba ya wuce filin jirgi a nan. A gaida Hajiya sosai.