Wuƙar maƙera ko inoks ta kanti, amsa ga amaryarmu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata amarya, jiya na ga tambayarki dare ya yi ban samu na amsa ba, kika ce wuƙar da aka sa miki a kayan ɗaki ko wata uku ba ta yi ba ta dakushe, tumatir ma sai dai ta matse shi, kina so ki sayi mai araha wadda za ta jima, wai ki ɗauki ta maƙera ko inoks ta kanti, wato farar wuƙar nan da ba ta tsatsa. To ni duka biyun suna madafata a nan Garwa ta Kamaru, bari in faɗa miki abin da hannuna ya sani.

Ta maƙera tukuna, don ita na fi riƙewa. Idan maƙeri na kirki ne da ƙarfen sifirin na mota yake yin ta, wannan da makanikai suke cirewa a ƙarƙashin manyan motoci, ya gasa shi ya yi ja ya buge ya fidda baki, sannan ya tsoma a ruwa ko baƙin mai da zafinsa don ya yi tauri. Irin wannan ƙarfen kaifi yake ɗauka na ban mamaki kuma da wuri, ki goga a dutse kaɗan kawai ta dawo sabuwa. Tawa daga Marwa yayana ya kawo min, yau shekara shida, duk layya da ita nake gyara nama, giwan ruwa na tafkin Lagdo kuwa in na ɗora ta a bayansa sai dai ki ji shuuu ta wuce, ba sai na danna da ƙarfi ba. Ki leƙa wajen mahauta da masu tsire ki ga abin da ke hannun yawancinsu, ai ba rashin kuɗin sayen ta kanti ba ne.

Amma fa tana da hali, ba zan ɓoye miki ba. Tsatsa. Ki bar ta cikin roba da ruwan wanke-wanke ki je sallar azahar ki ɗan kishingiɗa, kafin la'asar ta fara ja, musamman da damina wajen watan 8 da iska ke da laima. Kuma ba ta shiri da tsami, lemun tsami, tumatir, yakuwa da muke ce wa folere, duk suna sa jikinta ya yi baƙi-baƙi, wani lokacin albasa ma ta ɗauko ɗan warin ƙarfe idan wuƙar sabuwa ce. Wannan baƙin ba datti ba ne, kar ki bi shi da soson ƙarfe kina kankarewa, shi ne ma yake rage mata tsatsa. Jan ne abokin gaba.

Sai ki kula wajen saye don ba kowace baƙar wuƙa ce ta sifirin ba, akwai masu yanko ƙarfen ganga su fere shi ya yi kama da wuƙa, wannan kwana biyu ta lanƙwashe. Ki ce mai ita ya ɗan goga magagari a bakin, in yana cin ƙarfen kamar sabulu ki ajiye masa kayansa, in yana ɗan zamewa to ta sha wuta yadda ya kamata. Ki duba ƙotar ma, ki girgiza, in tana motsi ruwan nama zai riƙa shiga ciki yana wari.

Ita kuwa inoks abin da ya hana ta tsatsa wani ƙarfe ne da ake haɗa mata, kurom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Wannan kam hutu ne, gidan da yara ke wanke-wanke su watsar da komai a jiƙe ita ce daidai, tumatir da lemo ba ruwanta, ga ta da kyau a ido ga rashin nauyi, yankan kuɓewa a tafin hannu ya fi daɗi da 'yar ƙaramarta. Matsalar masu arahar ita ce ƙarfen yana da laushi, bakin yana kwanciya da wuri, shi ne abin da ya sami taki. Ni ma na taɓa sayen saiti guda mai wuƙa biyar cikin kwali mai ƙyalli a babbar kasuwa, wallahi ranar da na sa babbar a ƙashin kaza ƙotar roba ta rabu biyu a hannuna, ashe ƙarfen ɗan tsito ne ya shiga ciki, Allah ne ya tsare ban yanke ba. Tun daga nan in zan sayi inoks sai na ga ƙarfen ya bi ƙotar har ƙarshe, an ɗaure shi da ƙusa biyu ko uku. Akwai Tramontina ta ƙasar Barazil, masu ƙotar katako, suna da dama-dama kuma kuɗinsu bai kai ya kawo ba, abin sha'awa kamfanin ma daga 'yar maƙera ya faro a 1911. Guda ɗaya mai kyau ta fi miki saitin nan.

To in kuɗin wuƙa ɗaya gare ki ni dai ta maƙera zan ce, matsakaiciya, tsawon bakin kamar taƙi ɗaya, tunda ku biyu ne a gida ba yaran da za su jefa miki ita a ruwa, in kin samu canji daga baya ki ƙara 'yar ƙaramar inoks saboda kayan miya.

Kuma don Allah kar ki yar da wadda ta dakushe ɗin, wasawa take so. Ki nemi dutsen wasa wuƙa, wajen masu kayan aikin kafinta ana samun mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Ki jiƙa shi da ruwa, ki kwantar da wuƙar ki ɗan ɗaga bayanta kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 20 ake so, ki riƙa turawa daga gindi zuwa tsini, gefe ɗaya har sai kin shafa ɗaya gefen a hankali kin ji ɗan ƙaiƙayi a bakin, sannan ki juya, ki ƙarasa a fuska mai laushi. In ba dutse a kusa ki kifa kofin tangaran, zoben gindinsa da ba shi da santsi yana fidda mutum kunya. Masu wasawa da inji kuma ki tsaya a kansu, in suka matsa har bakin ya yi shuɗi sun ƙona taurin ke nan, ba za ta ƙara riƙe kaifi kamar da ba.

Abin da ke kashe wuƙa a gidajenmu yanka a kan tire ko siminti ne, da fasa ƙashi, da buɗe gwangwanin tumatir, ƙashi aikin adda ne ki samu katako ki riƙa yanka a kai. Ta maƙerar in kin gama ki wanke nan take, ki goge da tsumma ta bushe ƙarau, ki shafa mata ɗigon man girki ki mayar kube, amma in za ta daɗe a ajiye kamar daga layya zuwa layya ki naɗe ta a takarda mai ɗan maiƙo, don kuben fata yana jan laima. In mijinki ko wani naku zai je Marwa ki ba shi saƙon, ki ce ta sifirin kike so, ya gwada ta a kan takarda kafin ya biya.