Wane madubin likita ya kamata ɗalibin sakandare ya fara saya?

Ɗalibin sakandaren da ya ƙudiri aniyar fara binciken ilimin halittu kafin ya shiga jami'a, abu na farko da zai nema shi ne madubin hangen ƙananan halittu, wanda aka fi sani da madubin likita, kuma a nan ne mutane da yawa suke zubar da kuɗinsu a banza. Iri huɗu aka fi tallatawa, amma a wurina ɗaya ne kaɗai ya cancanci a tsaya a kansa.

Shi ne madubi mai jerin gilasai wanda haske ke ratsowa daga ƙasa. Gilashin da ake kafa ido a kansa yana ninka girma sau 10, sannan akwai wasu gilasai a kan faifai mai juyawa, masu ninki 4, 10, 40 da 100, don haka ana samun ninki daga 40 har zuwa 1000. Da ninki 400 ɗalibi zai ga ƙwayoyin halittar ɓawon albasa, da waɗanda ya kankaro daga cikin kumatunsa bayan ya ɗiga musu shuɗin rini, da ƙananan halittun da ke iyo a ɗigon ruwan kududdufi. Gilashi mai ninki 100 ba ya aiki sai da ɗigon mai na musamman, kuma da shi ake duba bakteriya da kyau. A tabbata yana da makamar saiti biyu, babba da ƙarama, da abin tattara haske a ƙarƙashin dandamalin da ake ɗora abin dubawa, domin idan babu su, ko gilashin yana da kyau hoton ba zai fito sarai ba.

Madubi mai ido biyu na duba ƙwari da ganye yana da amfaninsa, sai dai galibi ninkinsa ba ya wuce 40. Na ukun, Foldscope, madubin da aka yi jikinsa da takarda, wanda Manu Prakash da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, yana ninka girma sau 140. Abin sha'awa ne a fita da shi fili, amma ba a dogara da shi wajen awo.

Na huɗun, wanda ake jona wa kwamfuta ko waya, shi ne ya taɓa cutata. Na saye shi a intanet an rubuta ninki 1600 a jikin kwali, da ya iso kuwa ko ƙwayar jini bai iya nuna mini ba, sai wani dishi-dishi mai girma. Ita kanta lambar 1600 ɗin ba ta da wani amfani. Tun a 1873 Bajamushe Ernst Abbe ya nuna cewa madubin haske na yau da kullum ba ya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), saboda haka duk ninkin da ya zarce 1500 kumbura hoto ne kawai ba tare da ƙarin bayani ba. Alhali kuwa Antonie van Leeuwenhoek, masani ɗan ƙasar Holland, ya ga bakteriya a 1676 da gilashi guda tilo.

Saboda haka kada a saurari lambar kwali. A duba rubutun da ke jikin gilasan da ke kan faifai, kamar 40/0.65, domin lamba ta biyu ce ke nuna ƙarfin rarrabewa. Idan babu ta, a yi zargin roba ce aka goge. Na hannu daga kamfanin Olympus, Nikon, Zeiss ko Leica ya fi sabo marar asali, amma a haska fitila a cikin gilasan a nemi zare-zaren funfuna, a kuma juya makamar saiti a ga ko dandamali yana zamewa ƙasa da kansa. Idan daga nesa ake cinikin, a nemi mai sayarwa ya turo hoton da aka ɗauka ta cikin wannan madubin kansa, a ninki 400, kafin a biya.