Neman Mai Sauraron Damuwa a Ingila: Ta Waya ko Ido da Ido?

Yaya, bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Na ga saƙonki game da ƙanwar maigidanki da ke karatu a nan Ingila, wadda kika ce barci ya ƙaurace mata, ga yawan kuka ba dalili. Kin tambaya ko gaskiya ne a nan ana yi wa mutum jinyar damuwa ta waya ba sai ya je asibiti ba. Gaskiya ne. Na bi hanyoyin biyu da kaina, bari in faɗa miki yadda kowacce take.

Masu wannan aiki ba iri ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, yana rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam mai duba marasa lafiya dole ya kasance cikin rajistar HCPC, hukumar da ke sa ido kan wasu sana'o'in lafiya, kuma doka ta hana wanda ba ya ciki amfani da wannan suna. Amma masu yi wa mutane jinya ta hanyar tattaunawa, waɗanda su ne mafi yawa, babu dokar da ta tsare sunan sana'arsu a Birtaniya. Kowa na iya buɗe shafi gobe ya ce shi ma yana yi. Shi ya sa kafin a buɗe wa mutum ciki ake duba ko sunansa yana cikin rajistar ɗaya daga ƙungiyoyin masu wannan sana'a, wato BACP ko UKCP ko BABCP. Dubawar ba ta cin lokaci, a intanet ake yi, kuma ba na son ta tsallake wannan mataki ko da kuwa ƙawa ce ta nuna mata mutumin.

Hanyar da ba a biyan kuɗi ita ce ta hukumar lafiya ta NHS. An fara shirin a 2008 da sunan IAPT, a 2023 aka mayar da shi NHS Talking Therapies. Wanda ya kai shekara 18 kuma yake da rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, yana iya cike fom da kansa ba tare da ya jira likitan ya tura shi ba. Daga nan sai su kira a waya su yi tambayoyi. Akwai takardu biyu da ba sa rabuwa da su: PHQ-9 mai tambaya tara kan ciwon damuwa, da GAD-7 mai tambaya bakwai kan fargaba. Suna tambayar yadda mutum ya kasance a mako biyu da suka wuce, barcinsa, gajiyarsa, ko abubuwan da a da yake jin daɗinsu sun fita a ransa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, iyakar jimillar ta farko 27 ce, ta biyu 21. Ana maimaita su a kowane zama. Ina ganin amfaninsu ƙwarai, domin mai ciwon damuwa ba ya lura da sauƙin da yake samu, sai ya ga makin yana sauka a gabansa.

Ƙa'idar shirin ita ce kashi 75 cikin ɗari na waɗanda suka nema a gan su cikin mako 6, kashi 95 cikin mako 18. Sai dai ganin farko galibi na tantancewa ne, jiran fara jinyar sosai yakan ƙara tsawo a wasu yankuna. Kuma sukan fara da mataki mai sauƙi: darussa a intanet irin su SilverCloud, ko zama cikin rukuni, sannan idan bai isa ba a haɗa mutum da ƙwararre su biyu kawai. To ki ce mata ta buɗe baki tun a kiran farko. Idan mace take so ta faɗa. Idan ido da ido take so ta faɗa. Ba a ɗaukar wannan a matsayin rashin kunya a nan.

Yawancin abin da suke yi shi ne CBT, hanyar da wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960 a Jami'ar Pennsylvania. Ana koya wa mutum ya kama mugun tunani lokacin da ya zo, ya auna shi da hujja, ya ga yadda yake juya masa zuciya da aiki. Ana ba da aikin gida tsakanin zama da zama. Wanda ya je da tsammanin zai yi ta magana kawai ana jinjina kai, zai ga ba haka ba ne.

Akwai kuma masu zaman kansu da ake biya duk zama, minti 50 galibi. Ba a jira, amma akwai tsada, musamman a Landan. Wasu suna rage wa ɗalibai da masu ƙaramin albashi. Ƙungiyar BAATN tana da jerin ƙwararru 'yan asalin Afirka da Asiya, MCAPN kuma tana da na Musulmi. Ita da take ɗaliba, jami'o'in nan suna da ofishin ba da shawara na kyauta, nan ya kamata ta fara leƙawa.

Yanzu ga tambayarki ta ainihi. Tun watan Maris na 2020, da aka kulle ƙasa saboda korona, jinyar ta koma waya da bidiyo, kuma ko da aka buɗe, rabo mai yawa ya zauna a can. Binciken da aka yi ta yi ya nuna cewa ga ciwon damuwa da fargaba marasa tsanani sosai, CBT ta bidiyo tana aiki kusan daidai da ta ido da ido. Ba jabu ba ce. Kuma tana da sauƙin da ba zan raina ba. Mai aikin dare, da mai goyo, da wanda dole ya hau bas biyu a watan Disamba lokacin da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma, waɗannan bidiyo ne ke hana su yanke jinya a tsakiya. Sannan zaɓi ya fi yawa. Samun ƙwararre mai jin Hausa a unguwar da mutum yake zaune abu ne mai wuya, amma ta bidiyo ƙasar gaba ɗaya a buɗe take.

Abin da binciken nan ba ya gaya wa baƙo shi ne maganar ɗaki. Da yawa daga cikinmu gidan haya muke rabawa da wasu, bango kuma siriri ne, tarin maƙwabci ma ana ji. Lokacin da nake yi ta bidiyo, ƙasa-ƙasa nake magana, kunnena ɗaya yana bakin ƙofa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba na iya faɗa, domin shi ne wanda zai sa ni kuka, kuka kuwa ba ya ɓoyuwa. Na san masu fita su zauna cikin mota don su yi zamansu. Ga matar da damuwarta daga cikin gidan take, zaman bidiyo a gidan ba jinya ba ne, wani lokaci ma haɗari ne.

Da na koma ido da ido na ga bambanci. An rufe ƙofa, ba wanda ya san ni a wurin. Matar da ke yi min jinyar tana ganin hannuna idan ya fara rawa, tana gane shirun tunani da shirun da nauyi ya kawo, abin da a bidiyo sai a ɗauka intanet ce ta tsaya. Hatta tafiyar komawa gida tana da amfani, mutum yana samun lokacin da zai haɗa kansa. Ta bidiyo kuwa kina rufe kwamfuta kin faɗa cikin hidimar gida da jajayen idanu.

Ki kuma gaya mata ta bambance zaman bidiyo da ƙwararre mai rajista da manhajojin da ake biya duk wata, waɗanda ake ta tallarsu. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin BetterHelp, mai irin wannan manhaja, ya biya dala miliyan 7.8 bisa zargin ba wa Facebook da Snapchat bayanan masu amfani da shi don talla. Bayanan da mutum ya ba da a lokacin rauninsa ke nan. Abin ya ɓata min rai sosai, kuma tun daga lokacin nake cewa kowa ya karanta yadda za a yi da sirrinsa kafin ya latsa amincewa.

Wata matsalar ita ce ƙwararren da ke wata ƙasa. Yana iya jin harshenki, amma ranar da abu ya yi tsanani bai san wa zai kira a garin da kike ba. Shi ya sa na kirki ke tambayar adireshi da sunan likitan unguwa tun farko. Idan tunanin cutar da kai ya shigo, ba a jiran ranar zama: a kira layin NHS na 111 a zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin damuwa, a 116 123 dare da rana kyauta, ko 999 idan rai na cikin haɗari.

Na san abin da zai fi tsorata ta shi ne kada magana ta fita. Ba sa gaya wa dangi ko malamanta abin da ta faɗa, sai idan sun ga rayuwarta ko ta wani tana cikin haɗari, kuma wannan sharaɗi suna bayyana shi a zaman farko. Tafinta ma kyauta ne a NHS, kuma idan tana gudun a kawo wanda ya san ta, tana iya neman a haɗa ta da tafinta ta waya.

Ra'ayina, Yaya, idan nauyin babba ne, ko babu inda za ta keɓe, ta nemi na kusa ta je da ƙafarta. Idan fargaba ce ta karatu da kaɗaici kuma tana da ɗakinta ita kaɗai, bidiyo ya wadatar. Ko wanne ta zaɓa, idan an yi 'yan zama ta ji ba ta sake da mutumin ba, ta nemi a canja mata, domin jituwa tsakanin mai jinya da wanda ake yi wa tana cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi. Ki tambayar min ita ko ta yi rajista da GP, kuma ko ita kaɗai ce a ɗakinta. Idan ta yarda, ki ba ta lambata, mu cike fom ɗin tare a wannan makon in Allah ya so.