The Call of the Wild: labarin kare ne, amma fa ba na yara ba

Duk wanda ya ce maka littafin nan na yara ne to wallahi fim ɗin Harrison Ford na 2020 ya kalla, bai buɗe littafin ba. Jack London ya fitar da shi a 1903, babi 7 ne kacal, kuma tun babin farko jini ke zuba.

Buck wani ƙaton kare ne da ke cikin daula a gidan alƙali Miller a Kalifoniya, sai yaron mai lambun gidan, Manuel, caca ta cinye shi ya sace karen ya sayar. Lokacin ana rububin zinare a Klondike can arewacin Kanada tun da aka gano shi a 1896, manyan karnuka sun yi tsada don su ne ke jan amalanken kan ƙanƙara, irin marar taya ɗin nan. Kafin ma ya isa can wani mutum mai jar suwaita ya yi masa dukan kawo wuƙa da kulki, daga ranar Buck ya gane mai sanda shi ke da gari. Ya koyi satar abinci, ya koyi tona rami cikin dusar ƙanƙara ya kwana, daga baya ya kashe Spitz shugaban karnukan ya karɓe gaba.

Ni dai ba ma'abocin kare ba ne kamar yawancinmu, amma wajen Dave ya taɓa ni sosai. Kare ne da ciwo ya ci ƙarfinsa, aka kwance shi daga jan kaya don ya huta, shi kuwa ya ƙi, yana bin ayarin yana faɗuwa yana tashi yana kuka, har ya cinye igiyar wanda aka sa a gurbinsa ya je ya tsaya a wajen, dole suka mayar da shi. Washegari ya kasa tashi, ayari ya yi gaba, mai su ya koma baya, sai ƙarar bindiga kawai aka ji. London bai tsaya dogon bayani ba, ya wuce abinsa.

Sai kuma su Hal da Charles da Mercedes da suka sayi su Buck daga baya, baƙi ne ba su san dawar garin ba ga taurin kai, karnuka 14 suka haɗa ba lissafin abinci, ita kuma uwar ɗakin ta hau kan kayan ta zauna karnuka na mutuwa da yunwa. An ce musu ƙanƙarar kogi ta fara narkewa kar su bi, suka bi. A nan za ka san marubucin ya ga irin mutanen nan da idonsa, don shi ma ya je Klondike a 1897, bai samo abin kirki ba sai ciwon rashin bitamin C.

Inda littafin ya ɗan sire min shi ne bayan John Thornton, wani mai neman zinare, ya ceci Buck daga hannun su Hal. Karen ya koma kamar jarumin fim, shi kaɗai ya ja fulawa mai nauyin fam 1,000 tsawon yadi 100 ya ciyo wa ubangidansa dala 1,600, komai ya taɓa sai nasara. Sannan 'yan asalin yankin da suka kashe Thornton, wai Yeehat, ƙabilar ma ƙirƙirarta ya yi, ya nuna su kamar ba mutane ba, ko magana ɗaya bai ba su ba, karnuka sun fi su daraja a labarin. Wannan kam bai min ba ko kaɗan.

Turancin tsoho ne amma yana karantuwa, sai dai maganar François da Perrault, waɗanda Buck ya fara ja wa kaya, da ya rubuta da karin Faransanci, sai ka maimaita kafin ka gane. Kyauta yake a shafin intanet na Project Gutenberg, ka sauke a waya. Ka dai kula da waɗanda aka taƙaita don 'yan makaranta, cikakken za ka nema. Na ba shi 4 cikin 5, ɗayan nan babin ƙarshe ne ya cinye shi.