Daga Legas: lemun na'ana'a irin na otal, da abin da ake zubawa a maimakon burandi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu zuwa Legas fatauci ko neman aiki sukan koma da labarin wani lemun na'ana'a da suka gani a otal: tambulan cike da dakakkiyar ƙanƙara, reshen ganye a tsaye a kai, kuɗinsa kuma ya kai na kwanon abinci. Tambayoyin da kuke aiko mana biyu ne, me ke cikinsa, kuma ko za a iya haɗa shi a gida.

Gara a faɗa tun farko, asalin abin na barasa ne, burandi ake zuba masa. Burandi giyar inabi ce da ake dafawa a tara tururinta, sannan a ajiye ta shekaru a gangar katako, daga nan take samun launin ruwan zuma. Ƙarfinta yakan kai kashi 40 cikin 100. Wadda ta fi suna ita ce Cognac, sunan garin da ake yin ta a Faransa. Idan kun ga Stinger a takardar otal, Cognac ce mililita 50 da wata giyar na'ana'a mai zaƙi mililita 20. Idan kun ga Brandy Smash, burandi ce da sukari da ɗanyen ganye da ƙanƙara. Julep ɗin Amurkawa ma, wani haɗin na'ana'a da ƙanƙara, da burandi aka sha yin sa a da, kafin wiski ya karɓe wurin. A Kano sai mutum ya nemi inda ake sayar da giya kafin ya gan ta. A nan kanti ɗaya ke jera ta kusa da lemun yara, kuma kwalaben sun yi kama, don haka a duba jikin kwalba a nemi lambar da ke gaban alamar kashi cikin ɗari. Yawancin abin da aka rubuta wa "bitters" a rumfunan bakin titi giya ne.

Inda namu suka fi faɗawa ba su sani ba shi ne Chapman, jan lemun nan da ake dangantawa da Ikoyi Club. Kowa na ɗaukarsa lemu ne zalla, Fanta da Sprite da jan sirof, wato ruwan sukari mai kauri, da yankan kokwamba, amma mai haɗawa yakan ɗiga masa Angostura, wata giya mai ɗaci wadda ƙarfinta kashi 44.7 ne. Ɗigo uku ko huɗu ne, amma wanda ba ya so ya faɗa wa mai hidima tun kafin a haɗa. Nan kam dole a yaba wa Legas: otal-otal na Ikoyi da Victoria Island da Ikeja suna ware shafi guda na abin sha marar barasa, kuma masu hidimar sun saba da wannan tambaya, ba sa jin ta baƙuwa. Sai dai a lura da lissafi. Kuɗin da ke rubuce ba shi za a biya ba, ana ɗora harajin VAT kashi 7.5, da harajin jihar Legas na ci da sha a otal kashi 5, wasu wuraren kuma su ƙara kuɗin hidima.

Abin da burandi ke kawowa cikin tambulan abu huɗu ne: launi, ƙamshin busassun 'ya'yan itace, ɗan bauri daga katako, da zafi a maƙogwaro. Duk huɗun ana samunsu daga kayan da ke kasuwar Kurmi ko Dawanau, kuma sun fi kyau da arha a wajenku. Zabibi da dabino su ba da ƙamshi, ganyen shayi ya ba da bauri, soyayyen sukari ya ba da launi, citta ta ba da zafi. Dabinon da muke saya a Agege ko Obalende hannu uku ya bi kafin ya zo mana, kuma laimar garin nan tana sa shi danƙo, wani lokaci har tsutsa. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, kuma tun annobar da ta faɗa wa gonakin can a 2023 ta yi tsada ko'ina, amma tsadar nan ta fi.

Ga yadda ake dafa madadin burandin. A ɗora busasshiyar tukunya a wuta kaɗan, a zuba sukari cokali biyu na cin abinci, a bar shi ya narke ba tare da juyawa ba har ya yi launin zuma mai duhu. Da ya fara hayaƙi ya ƙone, ɗacinsa ba ya gyaruwa, a zubar a sake. A sauke tukunyar, a zuba ruwa rabin lita a hankali, wato leda ɗaya ta fiya wata, a janye fuska domin zai fantsalo. A mayar kan wuta, a zuba zabibi giram 100, kusan cikin gwangwanin madara ɗaya ke nan, da dabino shida da aka cire wa ƙwallo, da ɗanyar citta kamar babban yatsa an yayyanka, da kanumfari uku, da guntun kirfa. Kada kanumfari ya wuce uku, domin yana danne komai har abin ya koma kamar maganin haƙori. Ya dahu minti 20 a wuta kaɗan har ruwan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A kashe wuta, a saka jakar shayi uku na minti huɗu, a cire ba tare da an matse ba. Matsewa da daɗewa su ke fito da baurin da ke ɗaure harshe. A tace da ƙyalle mai tsabta, a bari ya huce da kansa kafin a sa a firji. In an sa shi da zafinsa yakan yi gurɓi kamar ruwan kududdufi. Ba ya cutarwa, kuma cokali biyu na tafasasshen ruwa suna washe shi.

Wannan ruwan yana da haɗari guda da ya kamata kowa ya riƙe. Ruwa ne mai zaƙi na 'ya'yan itace, in ya kwana biyu ko uku a waje cikin zafi zai fara tsimuwa da kansa, ya kama hanyar zama abin da aka guje wa. Alamarsa a fili take: ƙananan kumfa suna hawa jikin kwalba, murfi ya yi "tsss" in an buɗe, ƙamshin zabibi ya juye tsami-tsami kamar ƙullin da ya kwana. In an ga haka a zubar. A firji mai wuta yana kai kwana huɗu zuwa biyar. Inda wuta ba ta tsayawa, a dafa na yini ɗaya kawai.

Na'ana'a ita ce matsalar Legas. A gida mai shayi ma yana da dami a gefen tebur, masu lambun fadama kuma suna kawo ta da raɓarta. A nan ko dai a saye ta a manyan kantuna cikin 'yar roba, reshe kaɗan da tsada, ko a nemi 'yan uwanmu masu kayan lambu a Mile 12 da Idi-Araba, inda takan iso tare da karas da kabeji daga Jos bayan ta sha hanya. Babban kuskuren sabon zuwa shi ne ya ce wa mai kayan miya yana son ganye mai ƙamshi, ta miƙo masa efinrin, wato daidoyarmu. Daidoya ta farfesu ce, a lemu ba ta shiga. A murza ganye ɗaya tsakanin yatsu a kai hanci: na'ana'a tana sanyaya hanci kamar man goge baki, ganyenta ƙanana ne masu tamoji, daidoya faɗi gare ta, ƙamshinta kuma ya karkata wajen kanumfari.

Ajiyarta ma ta bambanta. A arewa iska ke busar da ita, a nan laima ke ruɓar da ita, dare ɗaya cikin ƙullin leda ta yi baƙi ta yi yauƙi. A kwance ta da an iso gida, a datse gindin, a tsaya ta cikin kofi mai ruwa kaɗan kamar fure, kada a wanke sai lokacin aiki. Busasshiyar na'ana'a da ake aiko mana daga gida tana yi a shayi, tana kuma yi a sirof in babu yadda za a yi, amma ba ta maye ɗanya a cikin tambulan.

Sirof ɗin na'ana'a ba shi da wuya. Sukari gwangwani ɗaya, ruwa gwangwani ɗaya, a ɗora har sukarin ya narke, a sauke. Sai a zuba ganye cikin hannu biyu, a rufe, a bar shi minti 20 zuwa 30, a tace. Ba a tafasa ganyen a kan wuta, domin ƙamshin mai ne da ke bin tururi ya gudu, ya bar ɗanɗanon dafaffen ganye. Launinsa zai fito rawaya-rawaya, haka yake. Koren da ake gani a otal kala ce. Mai son kore na gaskiya ya tsoma ganyen a tafasasshen ruwa daƙiƙa 15, ya jefa cikin ruwan ƙanƙara, ya markaɗa da sirof mai sanyi, ya tace. Sirof yana kai mako ɗaya zuwa biyu a firji. Ƙananan kwalaben ƙamshin na'ana'a da na banila da ke wajen masu kayan kek, da yawansu cikin barasa aka narkar da su, a karanta kafin a saya.

Haɗin tambulan ɗaya: ganye takwas zuwa goma a ƙasa, sirof cokali ɗaya na cin abinci, wato mililita 15. A danna ganyen da gindin muciya sau huɗu ko biyar, dannawar da za ta sa ƙamshi ya taso kawai. Ba daka ba ce. Wanda ya niƙe ganye zai sha ɗacin ciyawa, guntaye kuma su manne masa a haƙori. A zuba madadin burandi cokali huɗu, ruwan lemun tsami cokali ɗaya, a cika da dakakkiyar ƙanƙara, a juya daƙiƙa 15 har jikin tambulan ya yi raɓa, a ƙara ƙanƙara ta yi tozo. Mai son gas ya ɗora ruwan soda cokali huɗu. Soda, ba tonik ba, domin tonik yana da sukari da ɗacin kwinin, kuma a nan gwangwanayen suna jere wuri guda. Daga ƙarshe a ɗora reshe ɗaya a tafin hannu a tafa sau ɗaya, a soka kusa da inda baki zai taɓa. Rabin daɗin abin ta hanci yake shiga.

Lemun tsami a matse shi a lokacin, in ya wuni ɗaci yake yi. Na nan ƙanana ne masu yawan ƙwallo, biyu kan ba da cokali ɗaya, kuma kada a matse har ɓawo ya fashe. Mai son irin Stinger ya bar lemun tsami da soda: madadi cokali huɗu, sirof ƙaramin cokali biyu, a zuba a kwalba mai faɗin baki da ƙanƙara, a girgiza daƙiƙa 12, a tace. Kada a bi awon otal na 50 da 20, domin madadin yana da nasa zaƙin, zai yi yawa. In walima ce ta mutum goma, madadi mililita 600, wato tukunya biyu ta awon sama, sirof 150, lemun tsami 150, a haɗa a jug, ƙanƙara da soda kuma sai an zo rabawa.

Ruwa da ƙanƙara su ne inda garuruwan biyu suka yi musaya. Ruwan burtsatse a wurare irin su Lekki da Ajah yakan zo da ƙarfe ko gishiri, kuma ƙarfe in ya haɗu da shayi baƙi yake mayar da shi kamar tawada. Saboda haka da ruwan leda ko na babbar gora muke dafawa. Ta fannin ƙanƙara kuwa Legas ta fi: ana sayar da ƙananan ƙwayoyi na sha a ƙulle cikin leda, har a kawo gida a babur. Babban bulo da masu kifi da masu sanyaya lemu ke saya na sanyaya kwalba ne daga waje, kada ya shiga tambulan. Mafi sauƙi a ko'ina shi ne a daskarar da fiya wata, a yage ledar, a naɗe a tawul mai tsabta, a buga da taɓarya. Tawul ɗin yana shanye ruwan da ya narke, ƙanƙarar ta fito a bushe. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ita ke mayar da lemu salam cikin minti biyar. Unguwannin da kamfanonin wutar lantarki suka sa a rukunin Band A an yi musu alkawarin wuta awa 20 a yini, amma tun watan Afrilun 2024 kuɗinta ya ninka fiye da sau uku, don haka ƙanƙarar gida ma ba kyauta ba ce. Masu niyyar yin wannan sana'a a nan su sani cewa jihar ta hana robar abinci ta soso tun Janairun 2024, daga Yulin 2025 kuma hanin ya haɗa da kofunan roba na sha-ka-yar da bututun zuƙa.

Wanda zai taho, ya riƙo mana zabibi da busasshen dabinon Nijar da kanumfari a cikin roba mai murfi, ba a leda ba. Na'ana'a kuwa reshe biyar masu ƙwari sun isa, a naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tsumma. In an tsaya su a ruwa suna fitar da saiwa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, sai a dasa a bokitin da aka huda ƙasansa. A gida zafin Maris da Afrilu ke kashe ta, sai an yi mata inuwa da ban ruwa safe da yamma. A nan ruwan Yuni da Yuli ne ke ruɓar da saiwar, don haka a ajiye bokitin ƙarƙashin baranda inda ranar safe ke taɓawa, a riƙa tsinkar ta daga sama domin ta yi rassa.