Hoton shuɗi na rana: takarda, tsami da ruwan da ya kamata ka zaɓa

Masu rini a Kura sun san baba ba ya ba da shuni sai an haɗa shi da toka da kanwa. Shuɗin sayanotaif kuwa ba ya ga maciji da su. Wannan dabarar buga hoto da hasken rana, wadda John Herschel ya ƙirƙiro a Ingila a 1842, shuɗinta kanwa da toka da alli cinye shi suke yi, ya dusashe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ɗan tsami ne ke tsare shi. Don haka duk abin da za ka saya, fara duba inda ya karkata: wajen tsami ko wajen kanwa.

Magani ake shafa wa takarda ko yadi, a ɗora abin da ake son hotonsa a kai, a sa a rana, sannan a wanke. Maganin kansa iri biyu ne, sai an yi oda: ferik amoniyam sitret, koren gari, da fotashiyam ferisayanaid, jan ƙwayoyi. Ka sayi garin, kar ka sayi wanda aka riga aka jiƙa, domin koren idan ya daɗe a ruwa fumfuna yake yi. Giram 25 na koren a ruwa mililita 100, giram 10 na jan a wani mililita 100, sai ranar aiki ka haɗa su daidai wa daida.

Takarda ce inda kuɗi ke salwanta. Mai kantin kayan zane zai miƙo maka mai kauri, mai tsada, ya ce ai wannan ba ta da asid, shekara da shekaru ba ta lalacewa. Gaskiya ya faɗa, amma yawancin irinta an cusa mata alli ne don ya kashe tsami, allin nan kuma shi ke sa hoto ya fito fari-fari da dabbare-dabbare. Akwai waɗanda aka yi ba alli, kamar Arches Platine da Hahnemühle Platinum Rag, sai dai daga waje ake kawo su, farashinsu kuma ba na mai koyo ba ne. Ni dai shawarata, ka sayi falle ɗaya na takardar zane mai matsakaicin kuɗi ka gwada tukuna. Shafa magani a ɗan yanki, ka ajiye a cikin akwati ya bushe. In ka buɗe bayan 'yan sa'o'i ka tarar yana nan rawaya, takardar ta yi. In ya fara shuɗi tun rana ba ta gan shi ba, akwai abin da ke faɗa da maganin. Irin wannan ana gyara ta: a jiƙa a ruwan tsami, a ɗauraye, a shanya, sannan a shafa.

Akoko ko wani farin yadin auduga ya fi arha, ganyen zogale kuma yana fita a kansa raɗau. A wanke sitacinsa kawai. Yadin roba ba ya shan magani.

Sai tsamin da za a zuba a ruwan wanki na farko. Garin sitrik asid, wanda masu kayan haɗa lemo ke aunawa, shi ne zaɓina: ba launi, ba ya lalacewa a ajiye, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi lita guda. Farin khal na biye masa. Lemon tsami yana aiki in an tace shi sosai, amma na yau da na gobe ƙarfinsu ba ɗaya ba, ba ka da ma'auni. Tsamiya, duk da tana ko'ina, rina farin hoton take yi. A bar wa kunu ita. Ruwan batir kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, domin asid mai ƙarfi idan ya haɗu da jan maganin yana sakin iskar sayanaid mai kisa.

Amfanin tsamin a ido ake ganinsa. Hoton fuskar dattijo da aka wanke da ruwa zalla yakan fito shuɗi da fari kawai, amma da ɗan tsami sai ka ga lanƙwasar rawani da inuwar kumatu sun bayyana. In ya yi yawa, farin ya dame da shuɗi, hoton ya kwanta.

Ruwa ma ba duka ɗaya ba ne. Wata rijiyar ko burtsatse ruwanta na da gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai. Irinsa na iya cin shuɗin yana cikin baho. Takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ba ta da tsada: 7 shi ne tsaka-tsaki, in ya haura sai a ɗiga tsami ya sauko zuwa wajen 6. Ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta ya wadatar da damina.

In a yadi ka buga, ka gaya wa mutanen gida kar a sa masa omo ko sabulun salo, ruwan sanyi kaɗai, a shanya a inuwa.